Tukwanen naft a ƙawanyar Akka: yaya zan saita ƙarfinsu a mod ɗina?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu karatun tarihi, da kuma duk wanda ya taɓa kutsawa cikin fayilolin wasan yaƙi na kwamfuta Medieval II: Total War.

Wani ɗan ƙaramin mod (gyaran fayilolin wasa don a canja yadda yake) nake haɗawa a kan abu guda tak, wato ƙawanyar da 'yan Salibiyya suka yi wa birnin Akka da ke gaɓar Sham daga watan Agustan 1189 har zuwa Yulin 1191. Ba taswirar duniya nake so ba. Gari ɗaya ne da ganuwarsa da tashar jiragensa, Faranjawa, wato 'yan Salibiyyar, sun zagaye garin, Salahuddin kuma ya zagaye Faranjawan daga kan tuddai. Na gama da dawakai da 'yan baka da masu mashi. A kan wuta ne aikin ya cije.

A wasan yadda kamfani ya fito da shi, Masar da Turkawa suna da rundunar Naffatun, masu jifa da tukwanen naft, wato man ƙasa mai kama wuta. Duk wanda ya buga ya san aikinsu: ka ɗora su a kan ganuwa daidai saman ƙofa, ka bari abokan gaba su cunkushe a ƙasa, kafin su ankara barade masu sulke sun zube, sauran sun arce. Daɗi kam akwai, amma raina bai kwanta da shi ba. Abin da nake gani a allo ya fi kama da gurnetin zamani. A wasan Stronghold Crusader ma haka, ga ramin kwalta da ake kunnawa da kibiya ɗaya, ga tafasasshen mai da ake kwararowa daga sama ba ƙaƙƙautawa. A wasan Bannerlord kuma majaujawa na jefa wuta kamar a ƙasa ake tsintar man.

To ga abin da nake son sani. Mutane naft yake kashewa a zahiri, ko injinan yaƙi? Ya dace in bar shi yana rage ƙarfin ganuwar dutse? In ba wa Faranjawa irin makamin ko in hana su? Sannan wannan tafasasshen man da ke zuba da kansa a ƙofa, yana da asali?

Dalilin da ya sa na damu shi ne ƙannena da abokansu ne za su fara bugawa. Da yawansu a wasa suka fara jin sunan Akka, kuma abin da suka gani a allo shi ke zama musu tarihi. Ba na son ƙarya ta shiga kansu ta hannuna.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yi wa aikin albarka. Ka zaɓi wurin da ya dace, domin da wuya ka sami wata ƙawanya a wancan zamani da aka rubuta labarin wutarta dalla-dalla daga ɓangarorin biyu kamar ta Akka.

Ka fara riƙe wannan: itace ake nema da naft. Mai ƙawanya duk ƙarfinsa a katako yake, da hasumiya mai tafiya, da gungumen fasa ƙofa, da rumfar da masu haƙa ke fakewa a ƙarƙashinta, da majaujawa. Katako kuwa a gaɓar Sham abu ne mai tsada, sau da yawa ta teku ake kawo shi ko a farfasa jirgi. Idan ka ƙona wa mutum hasumiya ka ƙona masa aikin watanni.

A farkon 1190 Faranjawa suka gina hasumiyoyi uku. Marubucin tarihi Ibn al-Asir ya ce tsawon kowace kamu sittin ne, hawa biyar, cike da mayaƙa, sun fi ganuwar tsawo. An lulluɓe su da fatu, an jiƙa da khal (ruwan tsami), an shafe da laka da wasu magunguna masu hana wuta kamawa. Suka cike wani ɓangare na ramin da ya kewaye garin, suka turo su. Masu jefa naft na cikin garin, waɗanda sana'arsu ke nan, suka yi ta jifa, wuta ta ƙi ci. Ka lura da wannan sosai, saboda wasanni ba sa nuna shi: ƙwararru sun jefa naft kwana da kwanaki bai yi komai ba. Ga yaƙi Salahuddin na yi daga waje don ya janye hankalin Faranjawa, mutanen gari kuma sun fara fid da rai.

Sai wani mutumin Dimashƙa, wanda Baha'uddin ibn Shaddad, marubucin tarihin Salahuddin, ya ce saurayi ne maƙerin tagulla, ya je wurin Ƙaraƙush, amirin da ke riƙe da garin, ya nemi a ba shi dama da majaujawa guda. Ƙaraƙush ya fara korarsa cikin fushi, daga baya ya yarda. Abin da ya yi shi ne, ya fara jefa tukwanen haɗinsa ba tare da wuta ba. Suna fashewa a jikin hasumiyar, babu abin da ya faru, Faranjawa na sama suna ihu suna rawa. Sai da ruwan ya ratsa ko'ina, sannan ya jefa mai wuta. Hasumiyar ta kama gaba ɗaya, na cikinta ba su samu fita ba. Ta biyu da ta uku ma suka bi, sai dai mutanen cikinsu sun riga sun gudu. A farkon watan Mayu ne na 1190. Da Salahuddin ya yi masa tayin dukiya ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi. Wannan labari yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, amma ga mai haɗa wasa darasinsa na dabara ne: sai da aka jiƙa, aka yi haƙuri, sannan aka kunna.

Batun yawa kuma. A wannan shekarar Halifa an-Nasir ya aiko da taimako daga Bagadaza, cikinsa akwai kaya biyu na naft da 'yan mutane masu jefa shi. Halifa guda, kaya biyu. A Yunin 1191 kuma jiragen Sarki Richard na Ingila suka tare wani babban jirgi da ya taso daga Beirut da mayaƙa da abinci da makamai da naft, ya nutse bai isa ba, kuma wannan ya karya gwiwar mutanen gari ƙwarai. Ka ga ke nan abu ne da ake ƙirgawa, ake jira, yake ƙarewa.

Ganuwar dutse kuwa, cire wannan gaba ɗaya. Abin da ya karya Akka duwatsun majaujawa ne da haƙa. Masu haƙa su shiga ƙarƙashin ganuwa, su riƙa cire duwatsu suna kafa dirkoki, in sun gama su cusa itace su kunna, dirkokin su ƙone, ginin ya rufta. A nan ma itace wutar ta ci. Har Richard sai da ya sa ladan zinariya ga duk wanda ya zaro dutse guda daga ganuwa. A Ingila ma, a 1215, da Sarki John ya yi wa gidan sarautar Rochester ƙawanya, wasiƙa ya aika a kawo masa ƙosassun aladu 40 don a yi amfani da kitsensu wajen ƙona dirkokin ramin. Kusurwa ɗaya ta ginin ta faɗi, da aka sake ginawa aka yi ta zagayayya, har yau tana nan daban da sauran ukun.

Sadauki92:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara lafiya. Amma Ɗan Gwammaja, bari in ja ka baya kaɗan, don na ga mod da yawa sun mutu a kan wannan hanyar.

In gaskiyar tarihi tsantsa kake so, to yawancin waɗanda suka mutu a sansanin Faranjawa yunwa da cuta ne suka kashe su, musamman a hunturun 1190 zuwa 1191. Sarauniya Sibila ta Ƙudus da 'ya'yanta mata a nan suka rasu, haka Frederick na Swabiya ɗan Barbarossa sarkin Jamus. Wa zai zauna gaban kwamfuta yana kallon mutanensa na gudawa wata shida? Wasa dole ya matse shekara biyu cikin minti arba'in, kuma da ka matse lokaci ka riga ka bar tarihi.

Na biyu, kwamfutar da ke jan ragamar abokan gaba a Medieval II ba ta da wayon da za ta jiƙa hasumiya sannan ta kunna. In ka raunana Naffatun a kan mutane, ita ba za ta san ta juya su kan katako ba, za ta tura su gaba ne a yanka su. Kai mai bugawa za ka ji daɗin dabarar, amma in ka ɗauki Faranjawa za ka tarar garin ba shi da haƙori.

Shawarata, kada ka taɓa ƙarfin tukunyar sosai, ka taɓa yawanta. A export_descr_unit.txt layin stat_pri yana ɗauke da nisan jifa da adadin abin jifa, ka rage adadin. A export_descr_buildings.txt ka sa recruit_pool ɗinsu, wato yawan rundunar da za a iya ɗauka, ya riƙa cika a hankali ƙwarai, runduna ɗaya ko biyu a duk garin. Ka tsauwala kuɗinsu. In mutum ya san tukwanensa 'yan kaɗan ne, da kansa zai ɓoye su ya jira hasumiya, ba sai ka tilasta masa ba. Sannan ka bar musu tsoratarwa. Ni ban yarda cewa wuta ba ta da tasiri a kan mutane ba. Ko mutum uku ta kama cikin ɗari, sauran sun ga abokinsu na ci da wuta a cikin sulke, ruwa kuma bai kashe ta ba. Wa zai tsaya?

Zainabu Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Gwammaja, ni abin da zan ƙara bai shafi Akka kai tsaye ba, amma zai hana ka faɗa wa wani rami da masu mod ke yawan faɗawa: haɗa tukunyar naft da bututun wutar Rumawan Kustantiniyya a mai da su abu ɗaya.

Na Rumawa daban ne. Wajen shekarar 672 wani magini mai suna Kalinikos ya gudo daga Sham zuwa Kustantiniyya da wannan fasaha, aka yi amfani da ita a kan jiragen Umayyawa, aka sake a ƙawanyar birnin ta 717 zuwa 718 lokacin Maslama ibn Abdulmalik, sannan a kan jiragen Igor na Rus a 941. Ba jifa ake yi ba, fesawa ake yi. Ana ɗumama ruwan a tukunyar ƙarfe cikin jirgi, a matsa shi da famfo, ya fita ta bututun tagulla a goshin jirgin yana ci da wuta, kuma yana ci gaba da ci a saman ruwa. Masana da dama na ganin ɗanyen man fetur ne na yankin Baƙin Teku aka haɗa da ƙaro. Masanin tarihi John Haldon da abokan aikinsa sun gwada ƙera irin na'urar a 2002, wutar ta kai nisan kamar mita 15. Nisan ke nan. Sai jirgi ya matso dab, teku na kwance, iska kuma na bayanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a 812 Bulgarawa ƙarƙashin sarkinsu Krum sun kama bututu 36 da ruwan kansa bayan sun ci garin Mesembriya na Rumawa, amma babu labarin sun taɓa amfani da su. Kayan na hannu, masu sanin aikin babu. Sarki Kustantin na Bakwai ma a wasiyyar da ya rubuta wa ɗansa ya gargaɗe shi kada ya ba wa kowace al'umma sirrin, ko da sun roƙa. Don haka a wasa bai kamata wanda ya ci gari ya wayi gari yana horar da masu fesa wuta ba. A Kingdoms, ƙarin da aka yi wa Medieval II, an ba Rumawa sojojin ƙasa masu ɗauke da bututun hannu. Bututun hannu yana da asali, Sarki Leo na Shida ya ambace shi, amma a cika fili da su a ƙarshen ƙarni na 12 ƙari ne na masu wasa. Kada su shigo Akka.

Sai iska. In akwai hanyar da za ka sa ta cikin lissafi, ka sa. A nan Akka, a Satumban 1190, Faranjawa suka kai hari kan Hasumiyar Ƙudaje da ke tsare bakin tashar jiragen. Sun shirya jirgi mai hasumiya da wani cike da itace don su ƙona jiragen Musulmi, iska ta juya, wutar ta koma kansu. A Sin ma an yi haka a 975 a kogin Yangtze, kwamandan jiragen Tang ta Kudu ya fesa wa rundunar Song man wuta, iska ta maido masa, jiragensa suka ƙone. Duk wanda ya ga gobara a kasuwa lokacin hunturu ya san ba wanda ya kunna ke zaɓar inda za ta bi ba.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, labarin mutumin Dimashƙa ya canja mini tsarin gaba ɗaya. Ga inda na tsaya yanzu.

Naft ba zai taɓa dutse ba. Naffatun za su zama 'yan kaɗan masu tsada, kamar yadda Sadauki ya ce, kuma zan bar musu tsoratarwa. Amma a kan kisa ban bi ka duka ba, abokina. Zan rage shi. Hujjarka ta kwamfuta gaskiya ce, sai dai ni garin nake so a fi bugawa, ba sansanin Faranjawa ba, kuma ina so yaro ya ji a jikinsa cewa in ya ɓarnatar da tukwanensa a kan 'yan baka, hasumiya za ta iso ganuwa ba shi da abin tarbarta. Batun matse lokaci kuma, na yarda wasa ba zai ɗauki shekara biyu ba. Amma gajarta labari daban, juya shi daban. In na nuna wata shida cikin juyi uku na wasa ban yi wa kowa ƙarya ba. In na nuna tukunya tana rusa ganuwa na yi.

Zan yi hasumiya iri biyu a descr_engines.txt, ta katako tsirara mai arha da saurin kamawa, da mai rufin fata da khal wadda sai an daɗe ana jifa. Sannan ta campaign_script.txt zan sa aukuwa biyu. In garin ya jure har bazarar 1190, mutumin Dimashƙa ya bayyana, a sami runduna ɗaya tak mai iya cin hasumiya mai rufi. In kuma jirgin Beirut ya nutse, Naffatun su daina ƙaruwa. Iskar ce ban ga yadda zan sa ta a fagen fama ba, Malama Zainabu, don haka harin Hasumiyar Ƙudaje zan mai da shi aukuwa mai fuska biyu, wani lokaci ya ci wani lokaci ya koma kan mai shi.

Saura biyu ba a taɓa ba: Faranjawa su sami wuta ko a'a, da kuma man ƙofa.

Baban Ummi:

Ka ba su wuta, ɗana, amma ba naft ba. Kibiya mai wuta, damin itace da kitse da ƙaro, jirgin da aka cika da ƙirare, wutar ramin haƙa, duk sun san waɗannan. A Ƙudus a 1099 da kibau masu wuta suka kunna buhunan ciyawa da auduga da masu tsaron garin suka rataya a ganuwa don rage ƙarfin duwatsu, hayaƙi ya kori mutane daga wurin. A can ne kuma aka ruwaito Kiristocin ƙasar sun gaya musu khal ke kashe wutar da ruwa ya gagara, suka tanadi salkuna cike da shi a hasumiyar Godfrey, ɗaya daga cikin shugabanninsu. Abin da ba su da shi shi ne man da ke tsatsowa daga ƙasa a Iraƙi da Farisa da yankin Baku, da mutanen da suka gaji sarrafa shi tun zamanin Abbasiyawa. Dubi birnin Fusɗaɗ na Masar a 1168, da waziri Shawar ya sa aka ƙona garin don kada Amalrik, sarkin Faranjawa na Ƙudus, ya same shi. Marubucin tarihi Maƙrizi ya ce tukwanen naft 20,000 aka rarraba, wutar ta yi kwana 54 tana ci. Babu wani sarkin Faranjawa da ke da rumbu irin wannan.

Kuma shekara sittin bayan Akka abin bai daina firgita su ba. A Mansura ta Masar a 1250, wani barden Faransa mai suna Joinville, wanda da dare yake gadin rumfunan katakon da Sarki Louis na Tara ya gina don kare masu datse wani reshen kogin Nilu, ya kwatanta abin da Misirawa suka jefo da girman ganga, da wutsiyar wuta kamar tsawon mashi, da ƙara irin ta aradu, yana haska sansanin kamar rana. Shi da mutanensa durƙusawa suke yi su yi addu'a duk lokacin da ta taso. A nan Sadauki na da gaskiya game da tsoro. Amma ka duba abin da ya ƙone a ƙarshe: rumfunan ne. Sarki ya sa aka ciro katako daga jirage aka sake gina wata, ita ma aka ƙona ta, dole suka haƙura da datse kogin suka nemi mashigi.

Man ƙofa kuwa, an taɓa yi, marubucin tarihi Yusifus ya ba da labarin zuba wa sojojin tsohuwar daular Rum tafasasshen mai a garin Yotapata tun shekara ta 67, amma ba abin kullum ba ne. Mai abinci ne, kuma garin da ke cikin ƙawanya abinci yake tattali. Ruwan zafi, da yashi mai zafi da ke shiga ƙarƙashin sulke, da duwatsu, su suka fi yawa. In za ka iya, ka canja hoton ya koma ruwan zafi, ka rage kisansa, ka bar shi yana tarwatsa masu gungume.

Abu ɗaya da ba ka sa a lissafinka ba shi ne fita. Wani ɓangare na injinan Faranjawa a Akka ba daga saman ganuwa aka ƙona su ba, buɗe ƙofa aka yi aka fita da wuta a hannu, kamar yadda aka yi wa majaujawan Henry na Shamfen, wani shugaban Faranjawa, a 1190. Ka ba wa masu tsaron garin 'yar runduna mara sulke mai sauri, wadda aikinta kawai ta isa ga katako ta kunna ta dawo.

Sadauki92:

Wannan ta ƙarshe za ta yi aiki, kuma kwamfuta ma takan fita daga gari in ta ga ta fi ƙarfi. In ka haɗa hasumiya mai rufin, turo mini fayil ɗin in gwada ta da Faranjawa, in ga ko tana isa ganuwa kafin tukwanen su ƙare.